Rashin Haihuwa: Kada Mu Ƙara wa Mai Kuka Nauyi

Akwai wani nauyi da wasu gidajenmu a Miga da ƙauyukan bakin kogin Haɗeja ke ɗauke da shi a ɓoye. An yi aure, shekara uku, biyar, ba ɓari, ba haihuwa. Uwar miji ta fara habaici, dangi suna matsa wa ɗansu ya ƙara aure. Da yake mu kaɗan ne a nan, kuma karin aure al'ada ce a kewayenmu, matsin yakan yi ƙarfi. Mun ga ɗan'uwa ya yi wa matarsa kishiya, an sa shi ƙarƙashin horo, daga nan ya daina zuwa sujada. Mun yi asarar gida guda.

Littafi Mai Tsarki bai mai da rashin haihuwa la'ana ba. Luka sura 1 ta shaidi Zakariya da Alisabatu da adalci, duk da haka suka tsufa ba ɗa. Ishaku ya auri Rifkatu yana da shekara 40, tagwaye suka zo yana da 60. Shekara ashirin yana roƙo domin matarsa, bai kawo wata ba. Amma gidan Ibrahim da Hajaratu, da gidan Elkana da Feninna, sun nuna mana irin baƙin cikin da gajeriyar hanya ke jawowa.

Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan mutum ɗaya cikin shida yakan gamu da wannan matsala a rayuwarsa. Likitoci sun tabbatar cewa sau da dama matsalar tana wajen namiji ne. Me ya sa matan ne kaɗai muke turawa gwaji? Gwajin maniyyi ba shi da wuya, bai kuma kai na mata tsada ba.

A ƙasarmu ta fadama akwai wani abin lura. Tsargiya, wadda ake ɗauka daga ruwan da muke su, da noman shinkafa, da wanki, ba fitsarin jini kaɗai take kawowa ba. Takan ɓata mahaifa da hanyar ƙwai idan ta daɗe. Maganinta, praziquantel, sananne ne. Haka ciwon sanyi da ba a kula da shi ba yakan toshe hanya. Ma'auratan da suka cika shekara guda ba ciki, su je tare babban asibitin Jahun ko na Haɗeja. In ya gagara, a tura su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Dattawa, ga namu aikin. Mu hana zagin "juya" a tsakaninmu. Mu gargaɗi masu kai kuɗinsu wurin bokaye, da masu sayar da "mai na shafewa" da alkawarin ciki cikin wata uku. Ikkilisiya ta taimaka da kuɗin mota da na gwaji. Zumuntar mata ta riƙa ba irin waɗannan 'yan'uwa hidima, kada a ware su ranar suna. Masu hali kuma su tuna da marayu da ke bukatar riƙo.

Aure alkawari ne a gaban Allah, da 'ya'ya ko babu. Ubangiji ya ta'azantar da masu jira, ya ba mu zuciyar tsayawa tare da su. Amin.