FILIN LAFIYA: Jakar Jini A Gindin Ƙofar Zuciya

A cikin 1962 wasu likitocin Asibitin Koyarwa na Badun, bisa jagorancin Likita Abrahams, suka buga bayanin wata cuta ta zuciya wadda ba safai ake gamuwa da ita ba, wadda kuma ta fi kama baƙar fatar Afirka, yara da samari. Tun 1812 wani likitan Faransa mai suna Corvisart ya ambace ta, amma binciken Badun ne ya fito da kamanninta sosai.

Ga yadda abin yake. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta. Ɗakin hagu na ƙasa shi ne mai ƙarfi, shi ke tura jini ko'ina cikin jiki. Tsakaninsa da ɗakin da ke bisansa akwai ƙofa mai marfi biyu, wadda ke hana jini komawa baya. Wasu yara akan haife su da rauni a daidai inda naman zuciya ya haɗu da zoben ƙofar nan. To, kullum jini na bugun wurin, sannu a hankali sai ya buɗe, ya zama wata jaka mai ƙaramin baki. Wani lokaci kuma a gindin ƙofar babbar jijiya take fitowa. An kuma sami wasu masu ita da tarin fuka ko ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro.

Ɓarnar jakar nan kashi uku ce. Takan janye marfin ƙofa har jini ya riƙa yoyo baya, ya cika huhu. Takan danne jijiyar da ke ciyar da ita kanta zuciyar. Jini kuma yakan daskare a cikinta, gudansa ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Yaro sai ya dinga haki, ƙafafu su kumbura, zuciya na bugawa barkatai. Sau da yawa iyaye su ɗauka asma ce ko sanyi, a yi ta jiƙe-jiƙe har lokaci ya ƙure.

Ƙwayoyi suna rage kumburi da haki, amma ba su rufe jaka. Maganinta fiɗa. Akan haɗa yaro da na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu, a tsai da zuciyar, a kwashe daskararren jini, a ɗinke bakin jakar ko a yi mata faci, sa'an nan a gyara ƙofar. Likitoci sun fi son gyara da sa ƙofar ƙarfe, domin ƙarfe ba ya girma tare da yaro, ga kuma shan maganin tsinka jini muddin rai. A 1987 Likita Antunes a Afirka ta Kudu ya bayyana dabarar shiga ta ɗakin sama, inda ake ganin bakin jakar sarai.

Fiɗar zuciya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, tun 1974 aka fara ta a Inugu. Amma ba a fiɗar abin da ba a gano ba. Na'urar ɗaukar hoton zuciya da amsa-kuwwar sauti takan nuna jakar nan ba tare da ko tsaga fata ba. Saboda haka ya wajaba hukumomi su wadata manyan asibitoci da ita, da ma'aikatan da suka iya karanta ta. Iyaye kuwa, in yaro ya kasa wasa da tsararsa don haki, a kai shi a duba zuciyarsa tun da sauran ƙarfi a jikinsa.