Ɗanchuwa bayan korona: wa ke bin sawun kansila?

'Yan uwa na Agege, Mile 12 da Sabon Ibadan, a 2020 da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi aka rufe makarantu, dukkanmu hankalinmu ya koma gida. Famfo ya lalace a Ɗanchuwa, mu ne muke haɗa kuɗi a WhatsApp mu tura. Alheri ne, ban musa ba. Amma gyaran famfo, makarantar firamare da ɗakin shan magani ai aikin ƙaramar hukuma ne.

A Fabrairun 2021 an yi zaɓen ƙananan hukumomi 17 na Yobe, mazaɓar Ɗanchuwa/Bula ma tana da kansilanta. Kuma kowane wata ana wallafa kason da Potiskum ke samu daga asusun tarayya. Ga harajin kara: duk Laraba mahaifina yana biya kafin a loda shanu zuwa Legas.

Mu da ba ma barin ko sisi wajen dillali, me ya hana mu bin wannan lissafin? Ƙungiyarmu ta naɗa mutum biyu a gida, duk wata su leƙa asibitin: akwai ma'aikaci? Akwai magani? Su ɗauki hoto, mu kira kansila mu ji ta bakinsa.