Lahadi a Majami'a, Litinin a Gidan Boka

'Yan'uwa masu bi na Lausu da sauran ƙauyukan Rano da Kibiya, akwai maganar da muka daɗe muna kewayewa, yau sai an faɗe ta. Da yawanmu ƙafa biyu gare mu, ɗaya a majami'a, ɗaya a zauren boka. Ran Lahadi mu ne da fararen kaya, mu ne da ɗaga murya wajen waƙa, mu ne kan gaba wajen baiko. Amma bari yaro ya kwana biyu da zazzaɓi ya fara jijjiga, ko mace ta yi ɓari a jere, ko sa ya faɗi ana tsakar huɗa. Da gari ya yi tsit sai maigida ya cusa jan zakara a buhu, ya ɗaure a bayan babur, ya bi ta hanyar gona don kada ya gifta ƙofar gidan fasto. Kai da ka zaɓi hanyar gona, ai ka san abin da kake yi.

Iyaye mata, ku ma ba ku fita ba. Ana kawo jariri miƙawa gaban ikilisiya, an sa masa sabuwar riga da hula, amma a ƙarƙashin rigar akwai guru a ƙugu da laya a wuya. Fasto yana ɗora masa hannu, uwa tana gyara zane don kada igiyar ta leƙo. Wa ake ɓoye wa? Fasto dai mutum ne, ana iya rufe masa ido.

Na san amsar: "Ai magani ne kawai." Ko kuma, "Gadon gidanmu ne." Kada mu ruɗi kanmu. Ba wanda ya hana sassaƙe da saiwa da ganye, Allah ne ya halicce su. Amma ranar da aka ce ka kawo baƙar akuya a yanka, a binne wani abu a bakin ƙofa, a kira sunan iska, an bar zancen magani an shiga bauta. Taura biyu ba ta taunuwa. Sarki Saul da kansa ya kori masu duba daga ƙasar Isra'ila, amma da tsoron Filistiyawa ya kama shi sai ya ɓad da kama, ya tafi wurin mai duba a Endor cikin dare. Labarin yana 1 Sama'ila sura 28, ƙarshensa kuma kun san shi, a kan Dutsen Gilbowa.

Dubi kuma abin da wannan hali yake jawo mana. Zazzaɓin cizon sauro da ke kayar da yara da damina yana da gwaji, yana da magani a asibiti. Kwana ukun da aka ɓata ana turare da tsafe-tsafe, su ne ke sa a kai yaro Rano jini ya riga ya ƙare. Boka kuwa ba ya rasa wanda zai nuna. Sai a dawo gida a ce wata tsohuwa gwauruwa ce ta kama kurwar yaron, alhali tare ake cin jibin Ubangiji da ita. Ga asarar rai, ga ƙazafi, ga zumunci ya tsinke. Zunubi ɗaya ya haifi uku.

Wannan bangaskiya ba a arha ta iso mu ba. Cikin mutum uku da suka fara aikin mishan na SIM a 1893, biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, sun mutu kafin shekara ta 1894 ta ƙare. Likita Walter Miller ya zauna a Zariya tun 1905, ya yi shekaru yana fama da fassara, har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Iyayenmu da suka bar Maguzanci kuwa, wasu an hana su aure, wasu an raba su da gonar gado, duk da haka suka fito da kayan tsafinsu da rana tsaka suka rabu da su. Abin da suka zubar a fili, mu jikoki muke komawa tsinta a ɓoye. Kunya ba ta kama mu?

Tushen abin shakka ce, shakkar da aka danne ba a furta ba. A nan laifin ya hau kanku, iyayena dattawan ikilisiya da fastoci. Saurayi ya tambaya don me aka yi addu'a da azumi amma mahaifiyarsa ta rasu, sai a daka masa tsawa a ce Shaiɗan ne ke magana a bakinsa. Ya yi shiru, amma tambayar tana nan tana cinsa. Boka kuwa zai shimfiɗa masa tabarma ya saurare shi har ya gama. Sannan horonku ido ɗaya gare shi. Yarinya ta yi ciki, an sanar a gaban jama'a an mai da ita kujerar baya. Dattijon da kowa ya san inda yake zuwa da dare, da yake shi ya ba da kwanon rufin majami'a, ba mai tari. Matasa suna gani, kuma suna lissafi.

Almasihu bai kori mai shakka ba. Toma ya ƙi yarda da labarin tashi daga matattu, ya faɗa a gaban 'yan'uwansa, ya kuma zauna cikinsu har bayan kwana takwas aka nuna masa tabon ƙusoshi. Uban yaron nan mai farfaɗiya a Markus sura 9 ya amsa da bakinsa cewa bangaskiyarsa gurguwa ce, ya roƙi taimako, aka warkar masa da ɗa. Shakkar da aka kawo fili tana samun magani. Wadda aka kai gidan boka ita ce ke zama kafirci.

Saboda haka ga abin yi, ko ɗan ECWA ne kai ko ɗan Katolika. Mai laya ya kwance ta ya kawo, yadda mutanen Afisa suka tara littattafan sihirinsu na azurfa 50,000 suka ƙone a gaban kowa. Dattawa su karɓe shi da addu'a, ba da terere ba. Zumuntar mata ta ware kuɗin mota da na magani, don kada rashin abin hannu ya tura uwa wurin boka. Fasto ya buɗe aji na tambaya da amsa bayan sujada, ya iya cewa "mu bincika tare" in abu ya fi ƙarfinsa. Wanda ya kira wata mayya ya je har ɗakinta ya nemi gafara. Dattijon da ya san da shi nake, ya fara tuba kafin ya sake zaman hukunta 'yar wani.