Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Nasiha Ga Masu Cin Bashin Mota

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutanenmu tun daga Rusairis da Damazin har zuwa Mai Wurno da ƙauyukan Jazira, wato ka ji mutum ya yi ajiyar zuciya ya ce, da na sani da ban ɗauko motar nan ba. Hausawa kuwa sun ce da na sani ƙeya ce, a baya take. Don haka na ga ya dace mu zauna mu duba wannan al'amari da idon basira, domin wanda bai riga ya sa hannu a takarda ba ya tsira da jarinsa da mutuncinsa, wanda kuma ya riga ya shiga ya san ta inda zai ɓullo.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, bashin mota yana tafiya ne da lissafin wata goma sha biyu, ita kuwa kasuwar kan iyaka ba ta ci wata goma sha biyu a shekara. Duk wanda ya manta da wannan a ranar da ake miƙa masa makulli, to zai tuna da shi a ranar da cek ɗinsa ya dawo.

Bari mu fara da yadda cinikin yake. Tun daga 1984 aka fara mayar da bankunan Sudan bisa tsarin Musulunci, kuma kafin nan ma an kafa Bankin Faisal na Musulunci a 1977. Saboda haka mafi yawan mai neman mota ta hannun banki, murabaha ake ƙulla masa. Banki ya sayi motar, ya ɗora ribarsa, ya sayar maka a kan ka riƙa biya kashi-kashi, ka kawo kuɗin gaba da mai tsaya maka ko jingina, sannan ka rubuta cek na kowane wata. Wanda bai bi ta banki ba, sai ya je wurin dillalin mota ko wani attajiri, shi ma dai cek ɗin zai rubuta, sau da yawa da tsadar da ta fi ta banki. Malamai sun halatta murabaha idan ta cika sharuɗɗanta, ba wannan nake ja ba. Amma halaccin ciniki daban, ribarsa daban. Mutum yana iya yin ciniki na halal tsantsa kuma ya karye a cikinsa.

Ga misali domin a fahimta. A ce abin da ya rage a kanka bayan kuɗin gaba 100 ne, aka ce ribar kashi 15 cikin 100 ce a shekara, za ka biya cikin shekara biyu. Ke nan 130 za ka biya. Sai ka ce ai da sauƙi. Abin da ba a cika gaya wa mutum ba shi ne, an lissafa ribar ne a kan 100 ɗin gaba ɗaya har zuwa ranar ƙarshe, alhali kai tun watan farko ka fara mayar da kuɗin. Idan aka auna da abin da ya saura a hannunka wata bayan wata, tsadar kuɗin ta kusa ninka waccan 15 ɗin da aka faɗa maka. To tambaya a nan ita ce, ɗan'uwa, hajar da kake juyawa tana ba ka ribar da ta wuce haka bayan ka cire mai da gyara da haƙƙin direba? Idan amsar a'a ce, to motar ba kai take yi wa aiki ba, kai ne kake yi mata.

Sai batun lokaci. Kowa ya san ƙasarmu ta laka ce, baƙar ƙasa mai riƙe taya. Daga watan Yuni zuwa Oktoba, da zarar ka sauka daga kwalta ka nufi wajen Gisan ko Kurmuk ko ƙauyukan bayan madatsar ruwa, to sai abin da Allah Ya yi. Kuɗi kuwa ba ya shigowa hannun jama'a sosai sai an yanke riɗi an girbe dawa, sannan ƙaro ya fito da rani. Wato wata huɗu ko biyar mota tana rabin aiki ko tana kwance, amma cek ba ya kwanciya. Banki bai san damina ba. A nan ne za ka ga mutum ya fara taɓa jarin shago yana biyan kashin mota, yau buhu goma gobe buhu ashirin, kafin kaka ta zo kanta ta zama fayau.

Wannan a shekarar zaman lafiya ke nan. Mu kuwa mun ga shekarun da ba haka suke ba. A watan Satumban 2011 yaƙi ya ɓarke a Damazin, hanyoyin kudancin jihar suka rufe. A watan Yulin 2022 rikici ya auka wa Rusairis da kewayenta, aka yi asarar rayuka da dukiya, dubban mutanenmu suka bar gidajensu, ya kuma sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba na shekarar. Daga Afrilun 2023 babban yaƙi ya zo, aka wawashe motocin jama'a ba adadi a Khartum, haka kuma a Jazira bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar 2023. Da Sinja ta faɗi a ƙarshen Yunin 2024, babbar hanyar da ke haɗa mu da Sannar ta yanke har sai da sojoji suka karɓe garin a watan Nuwamba. A cikin shekara goma sha uku an tsayar da kasuwa sau nawa ke nan? Mai hatsi a rumbu ko kuɗi a hannu ya iya gudu da wani abu. Wanda ya tara dukiyarsa duka a kan taya huɗu, wani ya wayi gari ba mota, ga kuma sauran bashi. Inshora ma a bisa al'ada ba ta ɗaukar asarar da yaƙi ya jawo, sai a karanta takardar da kyau kafin a dogara da ita.

Na san akwai masu cewa, ai wanda ya ci bashin mota kafin faɗuwar fam shi ya ci riba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. A watan Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar kuɗi daga fam 55 zuwa kusan fam 375 a kan dala ɗaya, kuma a watan Yuli na shekarar hauhawar farashi ya haura kashi 400 cikin 100. Tun da a murabaha ba a ƙara farashi bayan an ƙulla ciniki, wanda ya ƙulla nasa da fam kafin lokacin, bashinsa ya narke kamar ƙanƙara a rana. To amma mu duba ɗaya gefen. A watan Yunin 2021 ɗin nan aka janye tallafin fetur da gas, taya da batir da kayan gyara kuwa duk dala suke bi. Abin da aka samu ta ƙofa ya fita ta taga. Bayan haka, masu sayar da mota ba barci suke yi ba. Wanda wuta ta ƙona sau ɗaya, zai ƙara riba, ya gajarta wa'adi, ko ya ɗaure farashin da dala. Gina kasuwanci a kan fatan kuɗin ƙasa ya lalace caca ce, kuma ba kullum ake kwana a gado ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne cek. Sashe na 179 na dokar laifuffuka ta 1991 ya mayar da ba da cek marar kuɗi laifi, kuma babu ɗan kasuwar Sudan da bai san kalmar nan ta kotu ba, yabƙa li hinis sadad, wato ya zauna a tsare har sai ya biya. Magidanta da yawa sun kwana a kurkuku ta wannan hanya, ba don sata ba, sai don lissafin da ya kuskure. Gudun wannan kunya ne ke jefa mutum cikin abin da ake kira kasir, ya karɓi kaya bashi da tsada a kan wani sabon cek, ya karyar da su da araha don ya toshe ramin jiya. Rami ɗaya ya zama biyu. Wanda yake son ganin ƙarshen irin wannan hanya ya tuna da kasuwar Mawasir ta Fashir, inda mutane suka riƙa kai motoci da kadarori ana ba su cek na farashin da ya wuce hankali, har abin ya rushe a 2010, dubban mutane suka tashi da takardun da ba su da amfani, aka kuma rasa rayuka a zanga-zangar da ta biyo baya.

Ba ina cewa kada a sayi mota ba ne. Ɗan kasuwar kan iyaka ba ya rabuwa da abin hawa. Amma akwai motar nema, akwai motar nuna isa. Tsohuwar Bedford da ake kira safinja, ko dafar, ko boksi, ko ma raksha, idan tana fita da safe ta dawo da kuɗin manta da na kashinta, to wannan abokiyar aiki ce. Amma ƙatuwar mota mai sanyi wadda aikinta kawai a gan ka a wurin ɗaurin aure, a ce Alhaji ya iso, wannan kishiyar jari ce. Haka kuma a yi hattara da motocin da ake shigowa da su ta sahara ba takardun kwastan, waɗanda ake kira boko, da kuma motocin da ba a san asalinsu ba tun bayan wawason yaƙi. Arahar da za ta kai ka ofishin 'yan sanda, ko ta ɗora maka haƙƙin wani, ba araha ba ce.

To mene ne abin yi? Na farko, kada ka tambayi nawa ne a wata, tambayi nawa ne duka, ka haɗa da inshora da lasisi da kuɗin takardu. Na biyu, ka auna kashin da watanka mafi rauni, wato tsakiyar damina, ba da watan kaka ba. Idan Agusta ba zai iya biya ba, kada Disamba ya ruɗe ka. Na uku, ka nemi a tsara maka biya daidai da kaka. Bankunan nan sun saba ƙulla salam da manoma a biya bayan girbi, don haka neman irin wannan sauƙi ba baƙon abu ba ne. Na huɗu, kada ka jinginar da gidan da iyalinka ke kwana a ciki saboda ƙarfe, kuma kada ka sa hannu a cek wanda ba a rubuta adadi a kansa ba, ko da wa kake ciniki. Na biyar, idan aikinka bai kai na mota guda ba, ku haɗa hannu ku uku ko huɗu ku saya tare, a rubuta rabon kowa, ko kuma ka ci gaba da ɗaukar shata. Biyan kuɗin mota a ranar da kake da kaya ya fi ciyar da ita a ranar da ba ka da su.

Wanda kuma ya riga ya shiga, shawarata ita ce kada ya jira cek ya dawo. Ya je da ƙafarsa wurin mai bin sa bashi tun da sauran mutunci, ya nemi a sake tsara biyan. Idan abin ya ƙi, ya sayar da motar da hannunsa tun tana da daraja, domin wanda ya sayar da kansa ya fi samun farashi a kan wanda aka yi wa gwanjo. Komawa kan raksha ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne yara su kai wa ubansu tuwo a gidan yari.

A ƙarshe ina kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da su ware dattawa masu sanin lissafi waɗanda matashi zai kai wa takarda su duba masa kafin ya sa hannu. Malamanmu kuma su riƙa tunatar da ɓangarorin biyu, domin Suratul Baƙara da ta yi umarni da rubuta bashi a aya ta 282, ita ce kuma ta yi umarni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci a aya ta 280. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma kowa ya san iya abin da cikinsa zai ɗauka.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya kuma warware wa duk mai bashi bashinsa, amin.