Gwajin Fahimta Shi Ne Harshen Gida

Ɗalibin da ya fara karatun ilimin halayyar ɗan Adam yakan haddace sunan Pavlov da labarin karnukansa, ya zuba su a takardar jarrabawa da Faransanci, ya ci maki, sannan ya manta. Tun a 1885 Ebbinghaus ya nuna cewa haddar da ba ta da ma'ana ga mai ita zubewa take yi cikin sa'o'i kaɗan. Maganin wannan shi ne aiki da darasi, kuma babu aikin da ya kai bayyana shi da harshen gida tona asirin wanda bai gane ba.

Kwarin Komadugu ya isa misali. A Fabrairun 2015, lokacin da Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur. A 2016 hare-hare suka tarwatsa mutanen Yebi da Bosso, da yawansu suka yada zango a gefen kwalta. A ɗauki yaron da ya ji ƙarar babura daren da aka ƙone garinsu, wanda har yau jikinsa ke ɓari in inji ya tashi. Abin da Pavlov ya bayyana ke nan: sautin da a da ba ya nufin komai ya ɗauru da bala'i, har ya zama shi kaɗai yana tayar da hankali. Ɗalibin da ya kasa yi wa uwar yaron wannan bayani da Hausa ko Barbarci, hadda kawai ya yi.

A nan ne aikin masu nazarin harshe yake. Hausa ta bambanta tsoro da fargaba, firgita da razana, damuwa da ɗimuwa. Wanda ya tattara su duka a ƙarƙashin kalmar Faransanci guda ya yi asarar abin da mai magana ya faɗa da bakinsa. Haka kuma, harshen uwa na yawancin mutanen kwarin Barbarci ne, don haka tafinta da Hausa kaɗai ba zai wadatar ba.

Gaskiya ne ɗalibi ba likita ba ne, kuma bai dace ya riƙa laƙaba wa mutane sunan cuta ba. Abin da ake nema a wurinsa bai kai haka ba: kowane darasi, misali ɗaya daga gida, bayani ɗaya da harshen gida. Malamai su sa wannan cikin jarrabawa, domin a nan za a rarrabe wanda ya fahimta da wanda ya haddace.