Sharhi: Rukunonin Gasar iGEM Da Darasinsu Ga Masu Zuba Jari

Gasar iGEM, inda ɗalibai ke fafatawa wajen sarrafa ƙwayoyin halitta domin su yi aikin da aka tsara musu, ta samo asali ne a jami'ar MIT ta Amurka a 2003. Ƙungiyoyi biyar suka shiga a 2004, amma yanzu ɗaruruwa ne, kuma a 2022 aka mayar da babban taronta birnin Paris.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne yadda ake kasa ayyukan rukuni-rukuni. A da, akwai rukunin gano cututtuka, da na magunguna, da makamashi, da muhalli, da abinci, da masana'antu. A shekarun baya-bayan nan an shigo da noma, da tufafi da kayan kwalliya, har da sararin samaniya. Jerin yana nuna inda hankalin matasan masana ya karkata, sai dai bai nuna inda riba take ba.

A 2006 ɗaliban MIT sun sa ƙwayar cutar E. coli ta riƙa ƙamshin ayaba. Wasu daga cikinsu, tare da malaminsu Tom Knight, suka kafa kamfanin Ginkgo Bioworks a 2008. Kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2021, daga bisani darajar hannun jarinsa ta faɗi warwas, ya kuma rage ma'aikata a 2024. Ashe tsakanin ɗakin gwaji da kasuwa akwai tafiya mai nisa.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 2019 an yi wa dokar kula da fasahar ƙwayoyin halitta ta 2015 gyara domin ta haɗa da irin wannan aiki, kuma a shekarar aka amince da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa, na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Zariya.

Saboda haka ya kyautu attajiran da ke son ɗaukar nauyin ɗaliban jami'o'inmu zuwa gasar su fifita rukunonin noma, abinci da gano cututtuka, inda mai saye ya riga ya kasance. Kafin a saki kuɗi, a tambaya: wa zai saya, nawa zai biya, kuma wace hukuma za ta ba da izini?