Sharhi: Kafin ka aika tsohuwar kwamfuta gida, duba manhajar gyaran hoton da ke cikinta

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Akwai ɗan ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista ta musamman, amma shi ma na ɗan lokaci ne. Kwamfutoci da yawa da aka ƙera shekaru goma da suka wuce ba su cika sharuɗɗan karɓar Windows 11 ba, kuma irinsu ne 'yan ci-rani ke aikowa gida domin ƙane ya samu abin yi: gyaran hoton fasfo, katin biki, kalandar ƙungiya ko allon shago.

Mu ɗauki Alakos, ƙaramar hukuma ta karkara a gundumar Gure da ke jihar Damagaram. Yanki ne na manoma da makiyaya, amma buƙatar hoto ba ta bar kowa ba, tun daga takardun jarrabawar ɗalibai har zuwa katin shaida. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuwa abin ya fi haka muni. Matashin da ya haɗa kwamfuta da faranti mai amfani da hasken rana a irin wannan wuri ya samu sana'a. Tambayar ita ce, da wace manhaja zai yi aikin?

Amsar da kowa ya sani ita ce Photoshop da CorelDRAW, kuma ba boyayyen abu ba ne cewa yawancin waɗanda ke yawo a shagunan yankinmu na sata ne. Dalilin a fili yake. Tun shekarar 2013 kamfanin Adobe ya daina fitar da sabon Photoshop da ake saya sau ɗaya, ya koma tsarin biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara. Tsarin yana buƙatar katin banki mai aiki a ƙetare, kuma dole kwamfutar ta riƙa leƙa intanet lokaci-lokaci don tabbatar da biya. Wanda ke karɓar dala ashirin ko hamsin a kan hoto ɗaya ba zai iya ba. Sai dai kayan sata na zuwa da nasa sharrin: sau da yawa ana cusa masa ƙwayar cuta, kuma a kan Windows ɗin da aka daina toshe wa ɓaraka, hotunan mutane da takardunsu ne ke cikin haɗari.

Ko mai iya biya ma ba shi da tabbas. A watan Oktoban 2019 Adobe ya sanar da masu amfani da shi a Benezuwela cewa zai rufe asusunsu saboda takunkumin Amurka, kafin daga baya ya samu izinin ci gaba. 'Yan Nijar ba sa buƙatar a yi musu bayanin takunkumi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar da take bai wa ƙasar, an rufe iyakoki, harkokin banki suka tsaya cak, har zuwa watan Fabrairun 2024 da ECOWAS ta ɗage matakan. Kayan aikin da makullinsa ke hannun wani, ranar da ya ga dama zai rufe.

A nan ne manhajojin da ake kira buɗaɗɗu suka shigo, wato waɗanda kowa ke da 'yancin saukewa, kwafa, rabawa da gyarawa ba tare da neman izini ba. GIMP, wadda wasu ɗalibai biyu na jami'ar Berkeley a Amurka suka fara a 1995, ta fitar da zubi na 3.0 a watan Maris na 2025, kuma ita ce ke yin aikin Photoshop: yanke hoto, sauya bango, gyara haske. Inkscape na yin tambari da allon talla kamar CorelDRAW. Krita ta masu zane ce, Scribus ta tsara mujalla da kalanda, darktable kuma ta masu babbar kyamara. Akwai kuma digiKam, wadda ke tsara dubban hotuna bisa rana da suna da wuri, ta yadda idan mutum ya dawo bayan shekara yana neman hoton mahaifinsa, ba sai an kwana ana lalube ba. Dukkansu suna aiki ba tare da intanet ba, kuma suna tafiya a kan Linux, tsarin da ke da nau'o'i marasa nauyi irin su Lubuntu da Linux Mint Xfce waɗanda ke farfaɗo da tsohuwar kwamfuta.

Akwai wani dalilin da ya shafi harshe. Kundin sake gina ƙasa da aka sanya wa hannu a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Duk wanda ya taɓa tsara fosta ya san yadda haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ke rikiɗewa su koma akwatuna a salon rubutu da yawa, har mai zane ya haƙura ya rubuta "kasa" a inda ake nufin "ƙasa". Salon rubutu na kyauta irin su Andika, Charis da Noto suna ɗauke da waɗannan haruffa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, sauyin yana da wahala. Wanda hannunsa ya saba da Photoshop zai yi makonni yana tuntuɓe a GIMP. Gidajen buga takardu a Damagaram da Maraɗi da Kano sun saba da fayil ɗin CorelDRAW, wanda Inkscape ke iya buɗewa amma ba ta adanawa a cikinsa, don haka sai an koyi miƙa aiki a PDF. GIMP har yanzu ba ta kai Photoshop ba wajen launukan injin bugawa, ko da yake Krita da Scribus na cike giɓin. Wasu na'urorin buga hoto ma ba sa jituwa da Linux. Darussan bidiyo kuwa galibinsu da Turanci ko Faransanci suke, na Hausa sun fi karkata ga Photoshop da manhajojin waya.

Wannan giɓin na ƙarshe shi ne wanda masu karatunmu za su iya cikewa. Matasan birni da suka iya zane za su iya ɗaukar gajerun darussa da Hausa, waɗanda za a riƙa turawa daga waya zuwa waya ko da babu intanet. Ɗan ci-ranin da zai aika kwamfuta kuma, ya sa a ɗora mata Linux da waɗannan manhajoji tun tana inda intanet ke da sauƙi, ya gwada ta da na'urar buga hoton da za a haɗa ta da ita, ya kuma haɗo da filas mai ɗauke da kwafin tsarin. Idan ta lalace a Alakos, ƙanensa zai iya sake ɗora mata komai da kansa, ba tare da ya biya kuɗin mota zuwa Gure ko Damagaram ba.